Sunanki a Hannun Babanki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga 'yata Marka,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin sauka lafiya. Allah Ya tsare ki a hanyar Kaduna tun daga tasha har ƙofar makarantarku, Ya kare ki daga sharrin ƙarfe da na mutum, Ya haɗa ki da abokan zama nagari. Amin. Na cusa wannan takarda a ƙarƙashin shuɗiyar atamfarki don na san halinki, ba za ki taɓa ƙasan akwatin nan ba sai kayan sama sun yi datti. To duk ranar da kika same ta, ki zauna ki karanta ta duka. Kada ki yi mini irin karatun da kike yi wa saƙon waya, ido ɗaya a kai, ɗaya a wani wuri.

Ba labarin gida zan ba ki ba. Abu ɗaya ne ya sa na ɗauki biro, kwana huɗu ina rubutu bayan la'asar har yatsuna suka yi tsami. Ina tsoron ki tafi ki riƙa kirana ni kaɗai. Ki ce, "Umma, ki gaida Baba," ni kuma in juya in ɗaga masa hannu in ce kin gaishe shi, a haka har shekara uku su wuce, ki dawo da takardar aikin jinya alhali ke da mahaifinki baƙin juna ne. Shi kurma ne, ba ya ɗaga kiran murya, kuma ke ba ki iya maganar hannunsa ba. Laifin ba naki ba ne, nawa ne. Ɗan hoton nan da kika tura a guruf ɗin gida ranar Talata shi ya tayar mini da maganar, amma bari in faro miki daga tushe.

Ina da shekara goma sha tara na fara ganin babanki, a ƙofar gidanmu a Tabanni. Ya kawo wa mahaifina zuma a ƙwarya. A lokacin sana'arsa ke nan, yana rataya amya a kan ɗorawa da kaɗanya a bakin dajin da ya yi wajen Kamuku. Sanƙarau ne ya tafi da jinsa tun yana ɗan shekara huɗu, kowa a ƙauye ya sani. Muna tsaye ni da wata ƙawata, sai na ce mata, da ƙarfi kuwa, tunda na san ba ya ji:

"Ke dubi bawan Allah, ga tsawo ga kyau, amma rediyo ne babu batir."

Muka tuntsure da dariya. Ya ajiye ƙwaryar a hankali. Ya nuna idonsa, ya nuna bakina, ya kaɗa mini yatsa, sannan ya yi murmushi ya tafi. Kalmomin bai ji ba, amma fuskata ta gaya masa komai. Wallahi ranar ko tuwo ban iya ci ba don kunya. Da mako ya zagayo sai ga shi da ƙwarya biyu, ɗaya ta mahaifina, ɗaya ƙarama ya ce a ba mai bakin nan. Bayan shekara ɗaya na aure shi, da kaina na ce shi nake so, duk da Inna, kakarki, tana ta tambayata, "To me za ku riƙa cewa da juna?" Alhamdu lillahi, shekara ashirin da ɗaya ke nan ba mu gama cewa ba.

Ki riƙe wannan, tunda aikin asibiti za ki koya. Za ki tsaya a kan wanda ba ya ji, da wanda bai iya Turanci ba, da tsohuwar da ciwo ya hana ta buɗe baki. Kada ki yarda ki faɗi a gabansu abin da ba za ki faɗa ba da suna jin ki. Fuska tana kai rahoto. Ni na ci sa'a wanda na yi wa dariya mai haƙuri ne, ba kowa ke cin irin wannan sa'a ba.

Kuskurena na biyu ya fi wannan nauyi, kuma a kanki na yi shi. Ban taɓa gaya miki ba. Ke da hannu kika fara magana kafin baki. Kina wata goma sha huɗu kin iya nuna ruwa, kin iya nuna akuya, kin iya cewa a ɗauke ki, duk da hannu, yadda babanki yake yi. Idan ya dawo daga daji sai ku zauna a kan tabarma ku biyu kuna ta hira, ba ƙara ko ɗaya sai dariyarki. Da farko abin yana ba ni sha'awa. Sai matan unguwa suka fara. Wata ta ce da ni a bakin rijiya, "Wallahi ki yi hattara, yarinyar nan hannu ta ɗauko. In kika bari bakinta mutuwa zai yi, ki tashi da bebaye biyu a gida." Wata ta ce ai ta ga an yi haka a garinsu. Ban tambaye ta wane gari ba, ban tambaye ta 'yar wa ba. Tsoro kawai ya shige ni.

Sai na fara buge miki hannu. Duk lokacin da kika ɗaga shi za ki nuna wani abu, in ɗan make shi in ce, "Faɗi da baki!" Wata rana da hantsi babanki ya shigo da damin ciyawar da yake yi wa ƙudan zuma hayaƙi da ita. Kika hango shi, kika ɗaga hannu da murna za ki kira shi, na buge. Yana tsaye a bakin ƙofa, ya gani. Kika kalle ni, kika kalle shi, kika ɓoye hannun a bayanki. Bai yi mini faɗa ba. Ya ajiye ciyawar ya fita, bai dawo ba sai azahar.

Da lokacin yaye ya yi, aka kai ki wurin Inna, wadda ta riga ta koma nan cikin Birnin Gwari, kamar yadda ake yi. Kowa ya san yaye 'yan makonni ne, yaro ya manta nono a mayar da shi ɗakin uwarsa. Ni na bar ki shekara biyar. Na ce wa babanki Inna ce ke fama da kaɗaici. Ƙarya ce, so nake ki yi nesa da hannunsa har bakinki ya yi ƙwari. Duk ranar kasuwa sai ya hau kekensa ya zo gari da 'yar kwalbar zuma, ya tsaya a ƙofar Inna, ke kuwa ki ruga ki ɓuya a bayan zaninta. Da kika dawo gida kina da shekara bakwai, baki ya buɗe kamar na aku, hannu kuwa ya mutu. Ƙannenki biyu da suka biyo baya na gaji na ƙyale su, suka tashi da hannu da baki gaba ɗaya, ga shi yau surutunsu ya ishi unguwa. Ashe babu abin da zai same ki. Tsoron banza ya sa na raba ki da mahaifinki.

Ko bayan kin dawo ban bar ku ba. In ya yi miki magana, kafin ki gama kallon hannunsa na riga na ce, "Cewa ya yi ki kawo buta." In kina son wani abu wurinsa, ni kike gaya wa. Daɗi nake ji a ce ni ce bakinsa, ni ce kunnensa. Ki yafe mini, Marka. Kuma in wata rana wata ta zo miki da "an ce" a kan ɗanki ko majinyacinki, ki tambaye ta wa ya ce, a ina, ita ta gani da idonta? In ba ta da amsa, ki gode mata ki ci gaba da abin da kike yi.

Na uku kin san rabinsa, don da wayonki aka yi. Shekarun da daji ya lalace, noma ya gagara, mutane suka fara kwashe iyalansu. Maza suka zauna bayan sallar azahar suka yanke shawara a tashi. Ba wanda ya kira babanki, ni ma a bakin mata na ji. Na dubi mutumin nan, amyarsa goma sha huɗu a rataye, saura ƙiris a sha zuma, kabarin mahaifinsa na nan bayan gari. Na ce a raina ba zai iya ɗauka ba. Sai na ce masa gari za mu je mu yi kwana kaɗan wurin Inna. Ya ɗauki riga biyu ya biyo ni. Bai sauke amya ko ɗaya ba, bai je ya yi wa mahaifinsa addu'a ba.

Sai da muka yi wata uku sannan na iya gaya masa gaskiya. Na zaci zai fusata. Ya bari na gama, sannan ya ɗaga hannu ya ce:

"Na riga ku sani. Na ga sawun babura a inda babur ba ya bi. Na ga makiyaya sun bar burtalin da suka saba. Jira nake ki gaya mini."

Na ce, "To me ya sa ka yi shiru?"

Ya ce, "Ina so in ga ko kin ɗauke ni miji ko yaro. Ni kurma ne, ba yaro ba."

Na yi kuka ranar, na yi alkawari ba zan ƙara rage masa magana ba. Amma hali ya riga ya zauna. In wani ya yi masa gatse a kasuwa, sai in ce yabonsa yake yi. In likita ya faɗi abu biyar, in kai masa biyu masu daɗi. Ke kam kada ki yi haka. In aka kawo miki majinyaci da ɗan rakiya, majinyacin za ki kalla, shi za ki yi wa bayani, ko da zane ne, ko da nuni ne. Ba ke za ki yanke wa babban mutum abin da zai iya ɗauka ba.

Duk da haka Allah bai bar mu ba, kuma ina gode maSa har gobe. A bakin kasuwa babanki ya haɗu da kurame 'yan'uwansa, suna da majalisarsu a gefen mai shayi. Ɗaya daga cikinsu ya koya masa aikin shumeka, ya ba shi basilla da zare da ɗan benci. Mutumin da ya saba da saman bishiya ya koma zaman ƙasa yana ɗinke silifas, bai taɓa yi mini ƙorafi ba. Da wannan basillar aka yi kuɗin makarantarki. Su ne kuma suka koya masa waya. Rubutu bai iya sosai ba, sai sunaye da lambobi, amma hoto da bidiyo ya fi ni iyawa.

Ba zan manta ranar da ya ga imojin nan ba, na mutumin da ya ɗaga yatsa yana nuna tsakanin kunnensa da bakinsa. Ya shigo gida da sauri kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Ya sa mini wayar a fuska, ya nuna hoton, ya bugi ƙirjinsa. Ya ce wani ɗan majalisarsu da ya yi makarantar kurame ya gaya musu ma'anarsa: kurma. Ya ce, "Ashe masu ƙera waya sun san muna duniya." Ya gama duba imojin wayar duka, ga mai dariya, ga mai kuka, ga raƙumi, ga tumatir, ashe shi ma an ajiye masa wuri. Tun daga ranar ya zama sa hannunsa. In ya gama gyaran takalmi sai ya ɗauki hotonsa ya tura wa mai shi, ya liƙa imojin a ƙasa. Masu kawo masa aiki sun gane: ni kurma ne, kada ka kira, ka turo hoto ko ka zo. Ko su waye suka zana wannan hoto, Allah Ya saka musu da alheri, sun faranta ran wani shumeka a Birnin Gwari.

To sai ranar Talata. Taubashiyarki Safiya ta tsokane ki a guruf, wai za ki je Kaduna ki yi ta ƙirga benaye da baki buɗe. Kika mayar mata da hoto biyu, mai yatsa a leɓe da wannan na babanki. Ya kawo mini wayar ya ce, "Me hotona yake yi a nan?" Na ce bari in tambayo. Na same ki a madafi kina tankaɗe.

"Ke, mene ne wannan kika tura wa Safiya?"

"Kai Umma, imoji ne fa, yayinsa ake yi. Wai ta yi mini shiru, na toshe kunne, ta yi ta zuba ba na jin ta. Samari ma suna tura shi in suna taƙama da muƙamuƙi, wai sun rufe baki suna gyaran haɓa, ba su da lokacin magana."

"Gyaran haɓa?"

"Wallahi Umma."

Na yi dariya, ke ma kika yi, kika ci gaba da tankaɗenki. Amma ina fitowa dariyar ta tsaya. Yana zaune a kan benci yana jirana. Ƙaryar tana nan a shirye, har na ɗaga hannu zan ce gaishe ka take yi. Sai na tuna da amya goma sha huɗu. Na sauke hannun, na sake ɗagawa, na gaya masa yadda kika faɗa, ban rage ko ɗaya ba.

Da na zo kan gyaran haɓa sai ya shafa gemunsa, ya ɗaga haɓa sama yana juya ta hagu da dama, har sai da na riƙe ciki. Sannan ya ce, "Su ara, ba komai. Su in sun gaji da shi ajiyewa za su yi." Bai ji haushin yaran zamani ba ko kaɗan. Sai ya ce, "Ita ta san hotona ne?"

Ya buɗe wurin hirarku, ke da shi. Saƙo biyu ne kacal a ciki. Na farko nasa ne, da ƙaramar sallar bara, hoton takalmin da ya ɗinka miki da imojinsa a ƙasa. Na biyu naki ne. Saƙon murya kika mayar masa, Marka. Na san ba da gangan kika yi ba, hannunki ne ya saba. Sama da shekara yana ajiye da shi. Ya nuna mini yadda yake yi: ya kunna, ya manna wayar a ƙashin muƙamuƙinsa, ya ji tana ɗan rawa, ya san muryarki ce. Na ce me ya sa bai taɓa ba ni in fassara masa ba. Ya ce, "Za ki zuba sukari." Sannan ya miƙo mini ya ce yau in gaya masa yadda yake.

Na saurara. Cewa kika yi, "Na gode Baba, sun yi kyau. Umma, ki gaya masa na gode." Ko a cikin saƙonsa ma da ni kike magana. Na gaya masa haka ɗin, kalma da kalma. Ya gyaɗa kai, ya karɓi wayarsa ya sa a aljihu, ya ce, "Na gode. Yau kin ba ni babu sukari." Shekara ashirin da ɗaya, ban taɓa jin godiyar da ta yi mini daɗi ta kuma yi mini zafi kamar wannan ba.

Ba zan hana ki wasa da Safiya ba, taubasai ne ku, ku yi ta yi. Ba kuma zan ce kin yi zunubi ba. Amma ki sani abin da ku kuke ara na minti ɗaya don ku ce ba ku son ji, wani da shi yake gabatar da kansa ga duniya. In yatsanki ya kai kan hoton nan, ki tuna akwai mai shi a gidanku.

Yanzu ga abin da nake roƙonki. Daga yau na ajiye aikin kai gaisuwa. In kika ce in gaida Baba, zan ce ban ji ba, ni ma na iya yayin. Duk ranar Juma'a bayan an sauko masallaci yana komawa bencinsa a bakin kasuwa, nan ne sabis ya fi tsayawa. Ki kira shi kiran bidiyo. Ki jingina wayar da wani abu don hannuwanki biyu su samu sarari, ki fuskanci haske don ya ga fuskarki, ki cire cingam ɗin nan daga baki. In sabis ya yanke ki sake kira. In 'yan ɗakinku suka tsaya kallo, ki ce musu da mahaifinki kike hira, kada ki ji kunya. Za ki yi shirme, za ki ce akuya a inda kike nufin jarrabawa, zai yi miki dariya har ya share hawaye. Ki bar shi ya koya miki. Ya daɗe yana jira.

Abin da zai fara yi in ya ɗaga, na sani. Zai ɗaga yatsunsa sama ya sauko da su suna rawa, sannan ya dafa ƙirjinsa da tafin hannu. Kin sha gani, kin san da ke yake, amma ba ki san daga ina ya fito ba. Ranar da aka haife ki ana tsuga ruwan marka, yana tsaye a waje ya jiƙe sharkaf, ba ya jin kukanki, bai san ko kin zo da rai ba. Ungozoma ta tausaya masa, ta kira shi bakin ƙofa, ta kama hannunsa ta ɗora a ƙirjinki kina tsala kuka. A tafin hannunsa ya ji ki. Ruwan sama da ƙirji, shi ne sunanki a wurinsa. Ni ban taɓa kama sunanki na yanka ba saboda karar 'yar fari, sai dai in ce Marka, shi kuwa kullum sai ya kira ki. Shekara biyar ɗin nan ma da kike ɓuya a bayan Inna, abin da yake yi a ƙofa ke nan kafin ya ajiye zumar ya juya.

Amsar kuwa ba sai ya koya miki ba, don ke kika ƙirƙiro ta kina 'yar shekara ɗaya. Ki kama haɓarki kamar mai jan gemu, sannan ki lashi ɗan yatsa. Mai gemu, mai zuma: Baba. Ita ce kika ɗaga hannu za ki yi a ranar da na buge ki yana tsaye a ƙofa. Tun daga ranar bai sake ganin ta ba.

Na gode wa Allah da Ya ba ni ke, Ya ba ni mijin da ya yi haƙuri da bakina, Ya kuma bar ni da rai har na faɗi wannan. Allah Ya tsare mini ke a kwance da a tsaye, Ya buɗe miki karatu, Ya dawo mana da ke lafiya, Ya zaunar da garinmu da dajinmu lafiya. Allah Ya yi wa hannuwan nan naki biyu albarka.

Ranar Juma'a kada ki kira ni. Zai kasance a kan bencinsa tun ƙarfe biyu da rabi, da wayar a hannu.

Wassalam,
Ummanki.